Ranar da Turke Bai Shiga Zaure Ba

A majalisar ƙasa babu mai kiransa da sunansa. Turke suke ce masa, 'yan jam'iyyarsa da 'yan hamayya duka, saboda inda ka bar shi bara nan za ka tarar da shi bana. Shekara ashirin da uku yana wakiltar mazaɓarsa, goma sha tara daga ciki ni ne sakatarensa, kuma a tsawon lokacin nan ba a taɓa kiran sunansa wurin ƙuri'a aka ji shiru ba. Ranar da aka yi masa aikin ido ma da bandeji ya zo, na riƙo hannunsa har bakin zaure.

Yawancin ƙuri'unsa a'a ne. Ya ƙi a sayar da kamfanin jirgin ƙasa, ya ƙi a halatta caca, ya ƙi a rage shekarun tsayawa takara, ya ƙi a tashi tsohuwar kasuwar birni. Wasu daga baya an gode masa a kansu, wasu kuwa har gobe ana zaginsa. Malamin gona ne kafin ya shiga siyasa, kuma bai yarda da abin da bai ga ƙarshensa ba. In an kawo sabon ƙudiri sai ya sa in karanta masa sau biyu, yana lumshe da ido, sannan ya ce, "To, in ya ɓaci wa zai gyara?"

Akwai ƙudiri guda da ya kayar har sau uku. Dokar ƙasa ta ce ɗa ƙasar ubansa yake bi, don haka macen da ta auri baƙo ɗan wata ƙasa ba ta iya ba 'ya'yanta takardar zama 'yan ƙasa. Malama, wata tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata da ke ɓangaren hamayya, ita ce ke ta dawo da ƙudirin gyara wannan. Duk sanda ta kawo, Turke ke miƙewa ya yi magana kan auren bogi da dillalan fasfo, ya kawo misalai da alƙaluma, zaure ya yi tsit. Jawabai biyu na ƙarshe ni na buga su.

Abin da zaure bai sani ba shi ne Uwani. 'Yarsa ce, mai sunan mahaifiyarsa, nas ce a babban asibiti. Ta auri wani baƙo da ke aiki a ɗakin gwajin jini, suka haifi 'ya ɗaya, ya rasu yarinyar tana shekara huɗu. Ƙasarsa ta rikice da yaƙi, ofishin jakadancinta ya rufe, ba a taɓa yi wa yarinyar rajista a can ba. A nan kuma doka ta ce ba tamu ba ce. Sanda Turke ya kayar da ƙudirin karo na biyu tana rarrafe. Karo na uku tana shekara goma sha biyu.

Saura mako guda a kaɗa ƙuri'a karo na huɗu suka zo ofis, uwa da 'ya. Uwani da kayan aikinta a jiki, ko gida ba ta biya ba. Yarinyar ta gaishe ni, ta wuce ta zauna a hannun kujerar kakanta.

"Amarya, yau kin tuna da mijinki?" in ji shi.

"Wane miji? Tsohon da haƙoransa ma na haya ne? Saki na zo karɓa."

"A'a."

"Na sani ai. Ko ruwa aka miƙo maka, a'a kake fara cewa kafin ka sha."

Ya yi dariya har ya share ido. Uwani ba ta yi ba. Ta ajiye wani fayil a gabansa. Takardar shiga makarantar koyon aikin likita ce, yarinyar ce ta uku a jerin waɗanda aka ɗauka. A ƙasan takardar an rubuta cewa kowane ɗalibi zai kawo lambar ɗan ƙasa, baƙo kuma ya kawo fasfon ƙasarsa, kafin ƙarshen wata uku. Wanda bai kawo ba, a ba na bayansa gurbin.

"Baba, ban taɓa yi maka magana a kan aikinka ba," in ji Uwani. "Sau biyun baya da ka kayar da ƙudirin ina gida ina kallo, ban ce komai ba. Yanzu na zo."

"Uwata, ai kin san matsayina."

"Duk ƙasar nan an san matsayinka. Ni matsayinta nake tambaya."

Ya juya fayil ɗin, ya sake juya shi. Na san abin da bai faɗa ba. Watanni kafin nan Bulala, wato mai tsawatar wa 'yan jam'iyyarsu a majalisa, ya yi masa tayin a gyara maganar ta bayan gida, a samo wa yarinyar lamba da sunan wani uba. Turke ya kore shi daga ofis.

"Kawu," Uwani ta juyo gare ni, don haka take kirana tun tana budurwa, "in ƙudirin ya faɗi, yaushe za a sake kawo shi?"

Na ce sai sabuwar majalisa. Shekara uku.

Ta ɗauki jakarta. Yarinyar ta tsaya ta gyara wa kakanta hularsa da ta karkace, ta ce, "Ka dinga cin abinci, Tsoho, ka fara kama da sandarka."

Da suka fita ya ce in miƙo masa jerin sunayen 'yan majalisa da fensir. Babu wanda ya kai shi iya ƙirgar ƙuri'a. Ya san wanda ke bin jam'iyya, ya san wanda ke bin matarsa, ya san wanda ke bin duk wanda ya yi masa magana a ƙarshe. Kwana biyu yana yawo ofis-ofis da sunan gaisuwa, ya dawo ya yi alama. A rana ta uku ya juyo mini da takardar.

Malama tana kwance a asibiti, an yi mata aikin ƙugu, ba za ta zo ba. In babu ita, masu e ɗari da huɗu ne. Masu a'a, har da shi, ɗari da huɗu. In aka yi kunnen doki, ƙa'ida ta ce ƙudiri ya faɗi. A cikin masu e ɗin akwai mutum ɗaya daga jam'iyyarsu, wanda ake kira Mai Kemis saboda sana'arsa ta da. Mazaɓarsa a bakin iyaka take, rabin matan can baƙi suke aure, kuma ya riga ya gaya wa Bulala cewa wannan karon e zai ce.

"Ranka ya daɗe, in ka ce e, ɗari da biyar da ɗari da uku ke nan."

"Na iya lissafi, Sakatare."

"Na sani."

"Jawabi uku na yi. Abin da na faɗa a ciki ba ƙarya ba ne, har yau akwai dillalan. In miƙe in ce e, gobe jarida ta tono Amarya, a ce Turke dokarsa ta 'ya'yan wasu ce, da ta zo kan nasa ya tuge. Hotonta za su buga, ba nawa ba."

Wannan gaskiya ne. Amma na daɗe da shi, na san ba shi kaɗai ne dalili ba. Bakinsa ne ba zai iya furta kalmar a gaban mutanen nan ba.

"Rakiya zan yi," in ji shi.

Wata al'ada ce ta majalisa da ba a rubuta a ko'ina ba. In ciwo ya kwantar da wani, sai wani daga ɗaya ɓangaren ya ɗauki alƙawarin shi ma ba zai shiga zaure ba, don kada ciwo ya yanke wa ƙasa hukunci. Ana gaya wa masu tsawatarwa na ɓangarorin biyu, shi ke nan. In Turke ya raka Malama, e ɗari da huɗu, a'a ɗari da uku. Ƙudiri ya wuce, shi kuma bai ce e ba.

Muka je asibiti da hantsi. Malama tana jingine da matasai uku, tabarau a kan hanci, takardu barbaje a kan gado.

"Lale da Turke. Ka zo ka tabbatar ba zan tashi ba?"

"Na zo in ga ko sun haɗa da bakin sun ɗinke."

"Sun gwada, zaren ne ya ƙare."

Ya zauna, ya gaya mata abin da ya kawo shi. Ta cire tabarau ta daɗe tana kallonsa. Malama ta koyar da Uwani a makaranta, ta san komai, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa jefa masa maganar a zaure ba.

"Yaya Turke, rakiyarka na gode. Amma ni da za ka ji tawa, ka bar ni a nan ni kaɗai ka shiga ka faɗi kalmar. Harafi ɗaya ce."

"Lissafin ya fita a haka ma."

"Da ƙuri'a ɗaya. Na shekara talatin ina ƙirga yara a layi, ban taɓa dawowa daga yawon buɗe ido da lissafin da na fita da shi ba sai na sake ƙirgawa sau uku."

"Waɗannan ba yara ba ne."

"Ka fi ni saninsu."

A mota na ce masa ko zai kira Mai Kemis ya ɗan yi masa bayani, ko da a kaikaice. Ya ce mutumin ya riga ya ba da kalmarsa, me za a ƙara masa? In ya kira shi, sai ya faɗi dalili, in ya faɗi dalili, kafin la'asar zance ya zaga majalisa. Ban sake tayar da maganar ba. Na sha tunanin wannan shirun nawa daga baya.

Ranar ƙuri'a, ƙarfe goma sha ɗaya aka kaɗa ƙararrawa. Muna jin takun mutane a baranda suna wucewa zuwa zaure, har ya ɗauke. Turke yana zaune da hularsa a ka, kamar mai jiran mota. A bangon kowane ofis akwai 'yar lasifika da ke kawo abin da ake yi a zaure. Na ƙara mata murya. Uwani da yarinyar suna can sama, a wurin zaman baƙi, ni na karɓar musu katin shiga.

Kakaki ya ba da umarni a rufe ƙofofi. Akawun majalisa ya fara kiran suna, mazaɓa bayan mazaɓa. Turke yana bi da fensir, kowace amsa sai ya ɗiga alama kusa da wadda ya riga ya yi. Na talatin da bakwai shi ne. Akawu ya kira, aka yi shiru. Ya sake kira. Sai wani guna-guni ya tashi a lasifikar, irin na mutanen da suka waiga gaba ɗaya. Turke bai ɗago ba.

Aka ci gaba. Malama, shiru. Sittin, tamanin, ɗari da ashirin, duk yadda ya rubuta. Har na fara jin kafaɗuna suna saki. Ya ce in zuba masa shayi.

Ina riƙe da fulas aka kira Mai Kemis.

"A'a."

Fensirin ya tsaya. Turke ya dube ni kamar ni na faɗa.

"Me ya ce?"

"A'a ya ce, ranka ya daɗe."

Ya bi sauran sunayen da yatsa da sauri, har ƙasa, ya dawo sama. Babu wani a cikinsu da zai sauya. Ya miƙe, ya bar sandarsa a jikin tebur. Ban taɓa ganin yana sauri irin na ranar ba. Barandar tana da tsawo, an goge daɓen da safe, ina biye da shi da sandar a hannu ina tsoron kada ya zame. A bakin zaure dogarin majalisa yana tsaye, ƙofofin a rufe a bayansa.

"Buɗe mini."

"Ranka ya daɗe, an fara kira."

"Na sani. Buɗe."

Dogarin ya sunkuyar da kai. Dattijo ne shi ma, sun tsufa tare a ginin nan. "Ba ni da iko sai Kakaki ya faɗi sakamako. Kai ka fi kowa sani. Shekarun baya da aka so a sassauta, a bar wanda ya makara ya shiga, ai kai ka hana."

Turke ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙofar. Bai buga ba. Muna jin muryar akawu ta cikin katako, sama-sama, yana ta kira. Ko da an buɗe, an riga an wuce sunansa, kuma ya ba Malama da masu tsawatarwa alƙawari. Duk mu ukun mun san haka. Muka tsaya a wurin har aka gama.

E ɗari da uku. A'a ɗari da huɗu.

Na miƙa masa sandar, muka koma ofis a hankali kafin a buɗe ƙofofi. Shayin ya huce. Bai zauna a kujerarsa ba, ya zauna a ta baƙi.

Ba a fi minti goma ba aka ƙwanƙwasa. Mai Kemis ne, gumi a goshi, fuska a washe. Ya durƙusa ya kama hannun Turke da hannu biyu.

"Baba, ka ji dai? Ban bari ba."

Turke yana kallonsa.

"Wallahi da e na shiga. Mutanena can za su cinye ni ɗanye, na sani. Amma da na ga kujerarka babu kowa, sai gabana ya faɗi. Bulala ya matso ya ce mini, ka ga dattijo, mutunci ya sa ya ɗaure hannunsa saboda mara lafiya, ga shi za a yi amfani da kirkinsa a wuce da abin da ya shekara ashirin yana tarewa. Na ce ba a gabana ba. Kai ka koya mini zaman majalisa, kai ka nuna mini ko inda ake rataye hula. Ƙuri'arka ce na kaɗa, Baba, ba tawa ba."

Ni ina tsaye jikin kabad ina kallon ƙasa.

"Ka kyauta," in ji Turke daga ƙarshe. Da ƙyar na ji.

A nan Uwani ta turo ƙofa, yarinyar a bayanta rungume da fayil ɗinta. Mai Kemis ya miƙe da fara'a.

"A'a, iyali ne? Wannan ce jikar? Tubarkalla. 'Yata, me ake karantawa?"

Yarinyar ta dube shi. Daga sama ta ga sanda ya miƙe ya amsa.

"Babu komai tukuna," in ji ta.

"To a dage. Kina da kakan da ƙasa ke alfahari da shi."

Ya yi sallama ya fita. Na rufe ƙofa a bayansa. Uwani ba ta zauna ba.

"Baba, ina kake?"

"Ina nan."

"A nan ɗin?"

"Rakiya na yi, Uwata. Na ƙirga. Da ƙuri'a ɗaya zai wuce. Sakatare, nuna mata takardar."

Na ɗauko takardar, da alamunta na fensir layi biyu. Ba ta karɓa ba.

"Na ji an kira sunanka sau biyu," in ji ta. "Yarinyar nan ta riƙe hannuna ta ce yanzu zai shigo. Har aka kai ƙarshe tana kallon ƙofa."

Ta taɓa kafaɗar 'yarta, suka fita.

Washegari ya sa na buga wa makarantar wasiƙa, yana roƙon a riƙe gurbin har sabuwar majalisa. Sau huɗu muna sake ta. Ya je wurin lauyoyi biyu, ya je ofishin rajista ya zauna a layi kamar kowa, ya rubuta wa wata ƙasa ta uku da aka ce tana riƙe da takardun ƙasar uban. Ko'ina da ladabi ake karɓarsa, a ba shi kujera, a buɗe masa sashen dokar a nuna masa. Jaridu kuwa suka yaba masa. Ɗaya ta rubuta cewa ko ba ya cikin zaure, inuwarsa ta isa.

Amsar makarantar ta zo bayan wa'adi da kwana shida. Ni ke buɗe wasiƙu, na karanta ta a tsaye, na kai masa. Layi biyar ce. Suna baƙin ciki, ƙa'ida ba ta ba su dama ba, an ba ɗalibi na gaba gurbin.

"In aika mata?" na tambaya.

"Ni zan kai."

Ya sallami direba, ya ce ni in ja motar. Gidan Uwani yana wani layi mai bishiyoyi a bayan asibiti. Na tsaya a ƙofar gida na kashe mota. Rana tana tsaka. Ya riƙe ambulan ɗin a cinya, bai buɗe ƙofa ba. Mai sayar da ruwa ya wuce, wasu mata biyu suka wuce. Na sauke gilashi saboda zafi.

Yarinyar ce ta hango mu ta taga. Ta fito da silifas, hannunta jiƙe da kumfar wanki, ta goge a jikin zane. Ta zagayo gefensa ta ƙwanƙwasa gilashin da yatsa. Ya sauke, ya miƙa mata ambulan ɗin.

Ta karanta a tsaye cikin rana. Ta kai ƙarshe ta koma farko. Sannan ta ninke takardar yadda take, ta mayar cikin ambulan.

"Mama tana wurin aiki," in ji ta. "Sai shida."

"Amarya..."

"Za ka shigo ka jira ta, ko in gaya mata?"

Ya dubi ƙofar gidan, ya dubi hannuwansa.

"Ki gaya mata."

Ta gyaɗa kai. Ta leƙo ta ce mini, "Kawu, ka ja a hankali, akwai rami a kwanar can." Ta koma ciki ta tura ƙofa.

Na jira ya ce mu tafi. Shi kuwa idonsa na kan ƙofar da ta tura.